Linux ɗin Malam da Linux ɗin Cibiya: Yadda wata cibiyar koyon kwamfuta ta zaɓi magajin Windows 10

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da yake bai wa Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da shi ba ta mutu ba, tana tashi tana aiki yadda ta saba, sai dai duk ɓarakar tsaron da aka gano daga wannan rana babu mai zuwa ya toshe ta, in ba ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi ba, wanda shi ma jinkiri ne kawai. Hanyar da kamfanin ya nuna ita ce a koma Windows 11, shi kuma yana da sharuɗɗansa: guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesa wanda in na Intel ne kusan sai daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa da lafiyarsu ƙalau suka faɗi wannan jarrabawa.

Cibiyar da wannan nazari ya shafa ƙarama ce. Ana koyar da buga rubutu, da aikin jadawalin lissafi, da aika imel, da cike fom a intanet, sannan a ƙarshen mako akwai ajin yara masu koyon rubuta manhaja. Tana da kwamfutocin tebur kusan ashirin, duk masu furosesan Intel na zubi na 4 zuwa na 6 da RAM mai gigabait 4, da ƙananan laftof guda uku tsofaffi waɗanda furosesansu na bit 32 ne, da wata guda mai ɗan ƙarfi mai katin hoto na NVIDIA da ake gyaran bidiyo da ita. Akwai firinta, akwai sikana, akwai layin intanet guda ɗaya da kowa ke sha daga gare shi, kuma ba mai ƙarfi ba ne. Ko ɗaya daga cikin kwamfutocin nan bai cika sharaɗin Windows 11 ba, kuma batun sayen sababbi bai ma taso ba.

Shawarar komawa Linux ba ta ɗauki lokaci ba. Inda aka daɗe ana ja shi ne: wane Linux?

Mutum uku, ra'ayi biyu da rabi

Ga wanda bai saba ba, tambayar kan zo da mamaki. Abin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki kanel ne kawai, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'ura. Kafin ya zama abin da mutum zai kunna ya yi aiki da shi, sai wasu sun haɗa shi da kayan aikin GNU, da fuskar tebur, da burauza, da manhajar girkawa, da rumbun da za a riƙa sauko da sauran manhajoji, sannan su ɗauki alkawarin ci gaba da gyarawa. Kowane irin wannan haɗi shi ne distiro, kuma akwai ɗaruruwansu. Masu amfani da Linux kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ba kasafai mutum ke jin kunyar tallata nasa ba.

Malamin cibiyar ya shekara da shekaru yana amfani da Arch a laftof ɗinsa. Ya san shi ciki da bai, shi ya girka komai da hannunsa, kuma yana da yaƙinin cewa wanda bai taɓa haɗa tsarinsa daga tushe ba bai san kwamfuta ba tukuna. Akwai wani matashi ɗan sa-kai da ke zuwa taimakawa, shi Fedora ne nasa, saboda yana son sababbin abubuwa amma ba ya son zaman girki irin na Arch. Sai shugabar cibiyar, wadda ba ta taɓa taɓa Linux ba, ba ta kuma da wanda take so. Ita rabin ra'ayi ne da ita, amma wannan rabin ne ya yanke hukunci a ƙarshe.

A zaman farko matashin ya kawo jerin shafin DistroWatch a matsayin hujja, wai a duba waɗanda ke sama a zaɓa daga ciki. Malam ne ya rushe wannan, kuma ya yi daidai: jerin yana ƙirga yawan masu leƙa shafin kowane distiro ne a wannan gidan yanar, ba yawan masu amfani da shi ba. Distiro na iya hawa sama don kawai ana ta surutu a kansa a wannan watan.

Daga nan kowa ya shiga yabon nasa, har shugabar ta katse su. Ta ce, "Malam, ni tambayata ɗaya ce. Ran da ba ka nan, kai ma ba ka nan," ta juya ga matashin, "kwamfuta ta ce a sabunta ta, wa zai yi? In ni ce, to ku zaɓi wanda zan iya." Malam ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ina nan." Ta ce yau yana nan.

Wannan tambaya ita ta mayar da muhawarar daga wanne ya fi kyau zuwa wanne za a iya riƙewa, kuma a ganina nan ne darajar lamarin take. Yawancin gardamar da ake yi kan distiro, mutum na auna ta ne da kwamfuta ɗaya wadda mai ita yake zaune a gabanta kullum. Ɗaki mai kwamfuta ashirin da hannaye ɗari ke taɓawa wani abu ne daban.

Arch da Fedora

Judd Vinet ne ya fara Arch a 2002, kuma tsarinsa shi ne babu fitowa ta ɗaya ko ta biyu: ana girka shi sau ɗaya, sabuntawa na ta kwararowa har abada, sabuwar manhaja na fita yau ta iso gobe ko jibi. Hujjojin Malam ba na wasa ba ne. Kundin bayanan Arch na intanet yana cikin mafi kyau a duniyar Linux, har masu amfani da wasu distiro ma can suke zuwa neman amsa. Kuma wanda ya ce Arch abin wasan yara ne sai ya tuna cewa SteamOS da ke cikin na'urar wasa ta Steam Deck a kansa aka gina shi.

Amma Arch doki ne mai son mahayi guda. Masu kula da shi ba sa goyon bayan a sabunta wani sashe a bar wani, ko dai duka ko a bari. Lokaci zuwa lokaci sukan sa sanarwa a shafinsu cewa sabuntawa kaza na buƙatar mutum ya sa hannu da kansa ya rubuta wani umarni kafin ta wuce; an yi irin wannan a watan Yunin 2025 lokacin da aka rarraba ƙunshin linux-firmware gida-gida. Ga Malam wannan aikin minti biyu ne. Ga shugabar, saƙon kuskure ne a baƙar taga wanda ba ta san ta inda za ta kama shi ba, kuma sau ashirin. Kamfanin Valve ma da ya gina SteamOS a kan Arch bai bar shi yana kwarara kai tsaye zuwa hannun jama'a ba, yana daskarar da shi ya gwada sannan ya tura.

Fedora bai sha wannan suka ba, domin sabunta shi ba wuya, kuma tun 2003 yake tafe da goyon bayan kamfanin Red Hat. Abin da ya kayar da shi lissafi ne. Sabon Fedora na fitowa kusan duk wata shida, kowanne kuma ana tallafa masa na kimanin wata 13. Ma'ana aƙalla sau ɗaya a shekara sai an yi wa dukkan kwamfutocin babban ɗagawa daga wannan fitowa zuwa waccan, ta layin intanet ɗin nan guda. Ga kuma cewa direban NVIDIA, wato manhajar da ke sa katin hoton ya yi aiki, da wasu manhajojin kunna bidiyo ba sa cikin babban rumbunsa saboda dalilan lasisi, sai an ƙara rumbun RPM Fusion. Matashin bai ja da nisa ba.

An ɗan tsaya kan batun tsaro, kuma nan muhawarar ta fi armashi. Matashin ya tuna musu da abin da ya faru ranar 29 ga Maris, 2024, lokacin da wani injiniya mai suna Andres Freund ya bankaɗo ɓoyayyar kafa da aka dasa cikin manhajar matse fayil ta xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa. Gurɓatacciyar manhajar ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian, da Fedora Rawhide, da openSUSE Tumbleweed, ta kuma shiga rumbun Arch, ko da yake yadda Arch ke haɗa SSH ɗinsa bai bai wa kafar damar aiki ba. Tsayayyen Debian da Ubuntu mai dogon tallafi kuwa ba ta kai gare su ba. Matashin ya ce wannan ya nuna jinkiri kariya ne. Malam ya amsa cewa ba wayo ne ya cece su ba, nawa ce, kuma shi wanda ya gano abin a reshen gwaji yake aiki. Da kowa ya zauna a tsayayyen distiro, da babu wanda zai ci karo da ita sai ta isa ko'ina. Gaskiya ce wannan. Sai dai ba ta nuna cewa ɗakin da ake koya wa mutane aika imel ne ya kamata ya zama sansanin gwajin ba.

Dangin Debian

Da aka cire waɗancan biyu, sai aka rage da 'yan gida ɗaya: Debian, da Ubuntu da aka gina a kansa, da Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu. An ambaci openSUSE Leap, amma babu wanda ya san shi a cikinsu, aka wuce.

Nan aka daina magana aka ɗauko filash, tunda gani ya kori ji. Kowanne daga cikin ukun ana iya tayar da kwamfuta da shi daga filash ba tare da an taɓa abin da ke faifan ajiya ba. Aka zaɓi kwamfuta mafi rauni cikin na tebur, aka gwada abin da ɗalibi zai yi: buɗe burauza da shafuka huɗu ko biyar, buɗe takarda, kunna bidiyo, tura aiki ga firinta. Abu na farko da ya fito fili shi ne a kan gigabait 4, fuskar tebur ta fi sunan distiro tasiri. GNOME, wadda Ubuntu ke zuwa da ita, ta fi nauyi. Xfce ta bar wa burauza wurin numfashi. Kuma burauzar ce mai cin RAM na gaske, ko wane distiro aka ɗora ta a kai.

Ubuntu ya zo da hujja mai ƙarfi. Tun Oktoban 2004 da Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da shi ta kamfaninsa Canonical, jadawalinsa a bayyane yake: duk watan Afrilu na shekara mai lamba cika akwai fitowa mai dogon tallafi, shekara biyar, ana iya tsawaitawa ta shirin Ubuntu Pro. Wanda ya nemi taimako a intanet kan matsalar Linux, amsar da zai fara gani galibi ta Ubuntu ce. Kuma akwai Xubuntu ga mai son Xfce.

Abin da ya hana shi wucewa ƙaramin abu ne a ido, wato Snap, wani salon ƙunshe manhaja na Canonical. A Ubuntu na yanzu Firefox na zuwa ne a ƙunshin Snap, wanda ke sabunta kansa da kansa daga kantin Canonical. Masu ra'ayin 'yancin manhaja suna ƙorafin cewa lambobin sabar kantin ba a buɗe suke ba, kuma Malam ya yi wannan ƙorafin. Amma damuwar cibiyar ta fi wannan sauƙi. Shirinsu shi ne su ɗora apt-cacher-ng a kwamfuta ɗaya, ta yadda duk sabuntawar da kwamfutar farko ta sauko da ita za a ajiye, sauran su ɗiba daga cikin gida ba sai sun fita intanet ba. Wannan dabara na aiki da deb, ƙunshin manhaja na dangin Debian wanda manhajar apt ke saukowa da shi, ba ta kama Snap. Ke nan manhajar da ta fi kowace yawan sabuntawa, kuma tana cikin mafi girma, ita ce za ta riƙa sauka sau ashirin. Ana iya cire Snap a ƙara wani rumbu a samo Firefox na deb, amma duk gyaran da aka yi wa distiro don a hana shi halinsa, nauyi ne da za a ci gaba da ɗauka.

Debian kuwa, in da son Malam za a bi bayan Arch, shi ne. Ian Murdock ya kafa shi a 1993, ba shi da kamfanin da ya mallake shi, masu aikinsa ke zaɓen shugabansu duk shekara, manyan shawarwari kuma ƙuri'a ake kaɗawa. Malam ya kawo labarin CentOS, wani distiro da ke ƙarƙashin Red Hat, don a ga amfanin hakan: a Disamban 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wanda jama'a suka girka da sanin tallafinsa zai kai 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Shawarar ta fito ne daga ɓangaren Red Hat, masu amfani suka wayi gari suna neman mafaka, abin da ya haifar da Rocky Linux da AlmaLinux. Irin wannan ba zai zo wa Debian daga ofishin wani manaja ba. Tsohon kukan da ake yi da shi ma, cewa ana girka shi a rasa wayifai, ya ragu sosai tun Debian 12 na Yunin 2023, bayan ƙuri'ar 2022 da ta amince a sa ƙananan manhajojin na'ura da ba buɗaɗɗu ba cikin faifan girkawa. Debian 13 ya fito ranar 9 ga Agusta, 2025, kuma in aka haɗa da dogon tallafi zai kai tsakiyar 2030.

Sai aka zaunar da shugabar a gaban kwamfutoci biyu, ɗaya Debian mai Xfce, ɗaya Linux Mint mai Xfce, aka ce ta sabunta kowacce, ta kuma girka manhajar koyon buga rubutu, ba wanda zai taimaka mata. A Mint akwai 'yar garkuwa a ƙasan allo da ke nuna akwai sabuntawa. Ta danna, ta sa kalmar sirri, ta jira. A Debian ba ta ga abin da ya ce mata komai ba, da ta lalubo Synaptic, manhajar girka ƙunshi, kuma sai ta tsinci kanta a gaban dubban sunayen ƙunshi. Malam ya ce duk wannan ana iya shirya shi, a sa sabuntawa ta riƙa tafiya da kanta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ta ce ta yarda, amma shi ne zai shirya, kuma ran da abin da ya shirya ya tsaya, shi za a nema.

Mint aikin Clément Lefebvre ne, Bafaranshe, tun 2006. Fitowa ta 22 an gina ta a kan Ubuntu 24.04, tallafinta zai kai 2029. Tun Mint 20 a 2020 suka toshe shigowar Snap ta bayan fage, kuma Firefox ɗinsu na deb ne, don haka dabarar ajiyar cikin gida ta kama shi. Yana zuwa da manhajar lalubo direbobi, wadda ta gano katin NVIDIA ɗin nan ta ba da zaɓi da danna guda, da kuma Timeshift mai ɗaukar hoton tsarin don a iya komawa baya in sabuntawa ta ɓata wani abu. Aka tsaya a kan Mint 22 mai Xfce, kuma a kan dukkan kwamfutocin tebur har da mai ƙarfin, duk da tana iya ɗaukar Cinnamon, fuskar tebur ta Mint da ta fi Xfce nauyi. Dalilin na koyarwa ne: in malami ya ce a danna nan, ya zamana nan ɗin wuri ɗaya ne a kowane allo.

Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin nasarar Mint kan Debian ba. Ta fuskar tsawon rai da rashin dogaro da kowa, Debian ya fi, har wa'adinsa ya ɗara na Mint 22 da kusan shekara. Mint ƙaramar tawaga ce da ke rayuwa da gudummawar masu amfani da masu ɗaukar nauyi, tana kuma zaune a kan aikin Canonical. Duk inda Ubuntu ya karkata sai sun bi ko sun yi aikin kaucewa. Su kansu sun san da haka, shi ya sa suke riƙe da LMDE, wani Mint da aka ɗora kai tsaye a kan Debian, don ko da wata rana Ubuntu ya zama ba abin dogaro ba. Da a ce Malam ma'aikacin dindindin ne da ke da mataimaki, da Debian zan ba su shawara. A yanayin da suke ciki, wadda za ta daɗe a wurin ita ce wadda ba ta san tagar umarni ba.

Girkawa da abin da ya biyo baya

Ba a bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ana girkawa ba. An shirya guda ɗaya tsaf, da manhajojinta da saitunanta, aka ɗauki hotonta da Clonezilla aka zuba wa sauran, sannan aka sauya wa kowacce suna don kada su rikice a hanyar sadarwar ɗakin. Ɗalibai suna shiga ne ta asusun baƙo, wanda ke share komai da zarar an fita, asusun mai iko kuma na shugaba da Malam ne kaɗai.

Firinta ba ta ba da wahala ba, tana cikin masu bin ƙa'idar IPP da ba sa buƙatar direba, Mint ya gan ta da kansa. Sikana ce ta buƙaci direban kamfaninta, kuma a nan zama cikin dangin Debian ya yi rana, domin kamfanonin da ke damuwa su fitar da direban Linux galibi deb da rpm suke bayarwa. Kwamfutoci biyu masu katin wayifai wanda direbansa ba buɗaɗɗe ba ne sai da aka jona musu waya tukuna aka sauko da shi.

Ƙorafin da ya fi yawa bai shafi distiro ba sam. Takardun Word da ɗalibai ke kawowa suna buɗewa a LibreOffice, manhajar ofis da Mint ke zuwa da ita, layuka sun goce, shafi biyu ya zama uku. Mafi yawan wannan daga haruffa ne: takardar na neman Calibri ko Cambria, kwamfutar ba ta da su, sai ta musanya da wasu masu faɗi daban. Da aka girka Carlito da Caladea, waɗanda aka ƙera da awo ɗaya da waɗancan biyun, yawancin takardun suka daidaita. Ba duka ba. Masu sarƙaƙƙen jadawali da ƙananan shirye-shiryen da ake cusa wa Excel har yanzu sukan ba da matsala. Akwai kuma ɗaliban da suka ce su Word suka zo koyo, don shi za a tambaye su a wurin aiki, kuma ba su yi laifi ba. Abin da cibiyar ta yi shi ne a koyar da aikin a LibreOffice, sannan a ware darasi a nuna Word da Excel na cikin burauza don su ga inda maɓallan suke. Wannan matsala da Arch aka zaɓa, ko Fedora, ko Debian, tana nan daram, abin da ke nuna cewa wani kaso na zafin muhawarar farko an kashe shi ne a inda ba nan gizo ke saƙa ba.

Ƙananan laftof ɗin nan uku su ne ba su samu shiga ba. Arch ya bar bit 32 tun 2017, Ubuntu da Mint na yau ba su da faifan girkawa dominsa, Debian 13 ma ya daina fitar da kanel da manhajar girkawa na wannan zubi. Chrome ya yi ban kwana da Linux mai bit 32 tun 2016, Mozilla ma a 2025 ta sanar da janye Firefox daga gare shi. Aka ɗora musu Debian 12, wanda dogon tallafinsa zai kai tsakiyar 2028, aka cire su daga intanet, suka zama na koyon buga rubutu kawai.

Ajin yara masu rubuta manhaja ne ya dawo da Malam kan bakansa. Python, yaren rubuta manhaja, wanda ke cikin Mint 22 shi ne 3.12, kuma haka zai zauna har ƙarshen wa'adin, alhali a laftof ɗinsa sabo yake samu. Ga yaron da ke koyon madauki da sharaɗi wannan bambanci ba komai ba ne, Malam ma ya sani, amma yana ganin kafin 2029 tazarar za ta fara ciwo, musamman in ajin ya girma ya fara taɓa ɗakunan karatun manhaja masu saurin canzawa. Matashin ya ba da shawarar a riƙa ɗauko sababbin manhajojin tebur daga Flathub, wanda Mint ke zuwa da shi a shirye, kayan ajin yara kuma a ware musu muhallinsu daban da na tsarin. Sai dai Flatpak, ƙunshin da Flathub ke rabawa, shi ma ba ya bi ta ajiyar apt, don haka an taƙaita shi ga kwamfutar bidiyo da wasu biyu.

Malam bai sauke Arch daga laftof ɗinsa ba, matashin ma yana nan da Fedora, kuma babu wanda ya nemi su sauya. Abin da suka rubuta a takardar yarjejeniyar aikin shi ne shugaba ke danna sabuntawa duk mako, a fara da kwamfuta ɗaya a bar ta ta kwana kafin a yi wa sauran. An kuma ware kwamfutoci biyu da za a ɗora wa LMDE 7, wanda aka gina a kan Debian 13, a bar ɗalibai su yi ta amfani da su, don idan lokacin sake shawara ya zo kafin 2029 a san ko za a iya raba gari da tushen Ubuntu ba tare da shugabar ta rasa 'yar garkuwarta ba. Malam ya so a yi gwajin da Debian zalla, aka ce masa sai ya fara rubuta yadda ake sabunta shi a shafi guda wanda ita za ta karanta ta gane, kuma har yanzu yana kan rubutawa.